Ayonaiza ta wurin ninƙaya ce, kar ka jefa ta kwamin tarwada



Kwanakin nan tallar wata na'ura ta cika mana waya. Na san da yawanku kun gan ta. Wani faifai ne da ke yawo a saman ruwa, da ɗan farantin sola a kansa, a ƙarƙashinsa kuma sandar jan ƙarfe ce da aka zagaye da waya kamar sifirin. A bidiyon za a nuna maka ruwa kore shar, a jefa ta, sai a nuno ruwan ya koma garau kamar na gora. Sunanta ayonaiza. Masu tallar suna cewa ba ruwanka da kulorin, ba ruwanka da sinadari, ba ta shan fetur, kuma ba ta ɓata muhalli. Tambayar da ake ta turo min daga Ƙaura, daga Shinkafi, daga Zurmi, har da nan Moriki, kusan guda ce: tunda tana kashe gansakuka a wurin ninƙaya na otal, me zai hana in jefa ta cikin tamfol ɗin kifina in huta da canjin ruwa?

Ra'ayina shi ne kar ka saya domin kifi. Ban ce ta bogi ba ce. Tana yin aikin da aka ƙera ta dominsa, kuma wannan aikin ne zai cutar da kai. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, don maganar ta shafi jari.

Ga yadda take aiki. Wutar da farantin ke bayarwa 'yar kaɗan ce, ko jan mutum ba ta yi. Wutar nan tana bi ta sandar jan ƙarfen, tagulla ke nan irin wadda ke cikin wayar lantarki, tana gutsurarta a hankali tana sakin ƙwayoyinta cikin ruwa, ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Wasu kamfanonin suna gauraya sandar da azurfa. Jan ƙarfe yana kashe gansakuka, azurfa tana taɓa ƙwayoyin cuta. Shi ya sa sandar take ramewa, bayan wasu watanni sai ka sayi wata. To ka tambayi kanka, sandar da ta rame ina ta tafi? Cikin ruwan ta narke. Saboda haka duk wanda ya ce maka "babu sinadari", bai faɗa maka daidai ba. An dai canza sinadarin ne, daga kulorin an koma ƙarfe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta sa aka ƙera irinta mai sakin azurfa domin ruwan shan 'yan sama jannati a shirin Apollo. Yau akwai manyan asibitoci a Amurka da Turai da ke amfani da haɗin jan ƙarfe da azurfa a bututun ruwan zafinsu don kashe wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu. A wurin ninƙaya ma, irin na otal-otal ɗin Gusau, Sakkwato, Kano ko Abuja, tana da amfaninta. Tana hana bango yin santsi da kore, tana rage yawan kulorin da ake zubawa, ido da fata su ɗan huta. Amma ko a can ba ta isa ita kaɗai ba. Ƙwayoyin ƙarfe suna da nawa wajen kashe cuta, kuma ba sa ƙone gumi da fitsari da man shafawar da masu wanka ke bari a ruwa. Dole sai an haɗa da kulorin ko da kaɗan ne. In ƙarfen ya yi yawa kuma sai ka ga ya rina bangon da shuɗi-kore. Mai otal da ya tambaye ni, zan ce masa ya saya, ya riƙa aunawa, kar ya daina sa kulorin. Iyakarta ke nan.

Mai wurin ninƙaya burinsa ruwan da babu abin da zai iya rayuwa a cikinsa. Mutum zai shiga na awa ɗaya ya fito ya goge jikinsa ya tafi gida. Kifinka kuwa a cikin ruwan yake ci, a ciki yake kashi, a ciki yake numfashi, dare da rana har wata huɗu ko shida. Kayan aikin da aka yi don a hana rai zama a ruwa, shi ake so ka ɗauka ka sa a inda ka zuba rai dubu da kuɗinka.

Bari mu shiga lissafi, don a nan ne masu talla ke yi mana wayo. Masu ƙera na'urar yawanci suna so jan ƙarfen da ke ruwan ninƙaya ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa iyakar jan ƙarfe a ruwan shan ɗan Adam a miligiram 2 a lita. Sai mai talla ya haɗa lambobin nan biyu ya ce maka, ka gani, ko sha ka yi ba komai. Gaskiya ne, ga mutum. Amma kifi ba mutum ba ne. Iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana aiki da ita don kare halittun ruwa, a ruwa mai matsakaicin nauyi, ba ta kai miligiram 0.02 a lita ba. Wato abin da ake so a wurin ninƙaya ya ninka wannan sau goma zuwa ashirin. Kuma don ka gane ƙanƙantar abin da muke magana a kai: miligiram 0.3 a lita yana nufin giram 3 kacal a tamfol mai cin lita 10,000. Bai kai nauyin dunƙulen Maggi ɗaya ba.

Me yake yi wa kifin? Ka buɗe murfin kunnen tarwada, za ka ga wani jan nama mai kama da matsefi. Ta nan take shaƙar iskar da ke cikin ruwa, ta nan take fitar da dattin jininta, ta nan take daidaita gishirin jikinta. Jan ƙarfe nan yake fara kamawa. Naman ya kumbura, ya yi yauƙi, gishirin jiki ya riƙa zurarewa. Yana kuma dakushe mata jin ƙamshi, ita kuwa tarwada da gashin bakinta da hancinta take neman abinci fiye da ido. Sai ka ga kifi ya rage ci, ka ce ko abincin ne ba kyau, ka canza kamfani, ka ƙara kashe kuɗi, alhali matsalar na yawo a saman ruwanka da farantin sola a ka.

Na san abin da wani zai ce: ai tarwada ce, wadda ke kwana cikin taɓo ba ta mutu ba. Haka ne, tana da juriya, domin tana da wata gaɓa a saman kunnen da take shaƙar iskar waje da ita. Babbar tarwada mai rabin kilo ba lallai ta mutu a ranar da ka jefa na'urar ba, wataƙila ma ba za ta mutu ba sam. Amma mu ba don kifi ya tsira da rai kawai muke kiwo ba, don ya yi nauyi muke yi. Kifin da ya ci buhu goma ya ba ka naman buhu bakwai ya riga ya cinye ribarka ko da babu ɗaya da ya mutu. 'Ya'yan kifi kuwa, waɗanda a makonnin farko wannan gaɓar ba ta gama tsira musu ba, su ne abin ke fara kwashewa. Masu ƙyanƙyasa su nisanci na'urar nan gaba ɗaya.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma masu karatu a cikinmu za su kawo ta. Za su ce ai a manyan gonakin kifi na duniya ana zuba kofa salfet, wani shuɗin gari mai jan ƙarfe a ciki, don kashe gansakuka da ƙwarin da ke maƙale wa kifi. Ƙwarai kuwa ana yi. Amma ku dubi sharuɗɗansa. Kafin a zuba sai an auna abin da ake kira alkaliniti, wato yawan sinadarai dangin farar ƙasa da kanwa da ke cikin ruwan, domin su ne ke ɗaure ƙarfen su rage masa dafi. Ƙa'idar da masana kiwon kifi ke bi ita ce a raba alkaliniti da 100, abin da ya fito shi ne miligiram na garin da za a sa a lita. In alkaliniti bai kai 50 ba, shawararsu kar a sa ko kaɗan, don zai kashe kifin. Kuma sau ɗaya ake zubawa, a tafkin ƙasa mai laka, inda cikin 'yan kwanaki ƙarfen zai sauka ya maƙale a laka ya bar ruwan. Magani ne da ake aunawa a bayar a daina. Ayonaiza fa? Kullum rana ta fito tana zubawa, ba ta san alkaliniti ɗinka ba, ba ta san ko jiya aka zuba 'ya'yan kifi ba, kuma tamfol da kwamin siminti ba su da lakar da za ta shanye shi.

Mu a yankin nan, wa ya taɓa auna alkaliniti na rijiyarsa? Ƙasarmu ma ba iri ɗaya ba ce. Ɓangaren Ƙaura da Zurmi kan dutse yake zaune, in ka gangara Shinkafi ka shiga ƙasar yashi da fadama. Burtsatse biyu a unguwa ɗaya ma suna iya bambanta. Ruwan sama kuwa kusan ba shi da alkaliniti sam. Wato na'urar da ta yi wata biyu a tamfol ɗinka da rani ba ka ga komai ba, ranar da aka yi mamakon Agusta ruwan sama ya cika tamfol ɗin, wannan ƙarfen dai da ke ciki sai dafinsa ya ƙaru. Ka wayi gari ka ce annoba ce.

Sannan ga wata matsalar da ko ilimin kimiyya ba ta buƙata. Wurin ninƙaya ruwa ɗaya yake riƙewa na watanni, ana tace shi yana dawowa, shi ya sa ƙarfen ke samun lokacin taruwa ya yi aiki. Kai kuma duk kwana biyu ko uku kana zubar da ruwa. To ɗaya cikin biyu ne. In ka ci gaba da canjin ruwa, ƙarfen ba zai taru ya kai ya kashe gansakuka ba, ka sayi abin ado ke nan da kuɗin buhunan abinci. In kuma ka daina canjin ruwan don ka bar ta ta yi aiki, kamar yadda tallar ke kwaɗaita maka, to a nan ne babbar asarar take.

Domin abin da ke kashe tarwada a tamfol ba koren ruwa ba ne, amoniya ce. Abincin da muke saye, ko na waje ko na gida, furotin ɗinsa na kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. Kowane kilo ɗaya da kifi ya ci, yana sakin kimanin giram 30 na amoniya cikin ruwa, wani lokaci fiye. Ka ɗauka kana ba da kilo 5 a rana a tamfol mai lita 10,000. Giram 150 ke nan kullum, wato miligiram 15 a kowace lita, in babu abin da ke kwashe ta. Ayonaiza ba ta taɓa amoniya ko da ƙwayar zarra. Ruwan zai yi haske, ka ga kifinka har ƙasa ka ji daɗi, gubar kuma tana nan tana hawa. Kuma zafinmu na ƙara mata ƙarfi. A ruwa mai zafin digiri 30, in ma'aunin pH yana 7, ɓangaren amoniyar mai dafi bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. In ya hau 8 ya haura kashi 7. In ya kai 9 ya kusa rabi. Wanda ya san Afrilu a Zamfara ya san ruwan tamfol da ke rana tsaka yana wuce digiri 30 ba tare da wahala ba.

To su wa ke kwashe amoniyar nan in ba canjin ruwa ba? Gansakukar da kake son kashewa, ita ce ta farko, don abincinta ke nan. Na biyu wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu amfani da ke manne a bangon kwami suna juya amoniya zuwa abin da ba ya cutarwa sosai. Jan ƙarfe da azurfa ba sa tambayar wace ƙwaya ce ta kirki wace ce ta banza. Ka kori ma'aikatan da ke yi maka shara kyauta, ka bar sharar. In kuma ruwan ya riga ya yi kore sosai ka kashe gansakukar gaba ɗaya lokaci guda, za ta sauka ƙasa ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar oksijin da ke ruwan. Masu ƙarfasa su ne za su fi kuka, don ita ba ta iya shaƙar iskar waje, kuma gansakukar nan abincinta ce. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kar wani ya fahimce ni a kan cewa duk koren ruwa alheri ne. A'a. Ruwa ba ya tsami banza. In ya yi kauri kamar miyar kuka, yana gaya maka abinci ya yi yawa, ko kifin ya yi wa wurin yawa, ko rana na dukansa fiye da kima. Irin wannan koren da rana yana ba da oksijin yana kuma ɗaga pH, da dare kuma ya juya ya shanye oksijin ɗin, shi ya sa mutuwar kifi ta fi faruwa da asuba. Gwajinsa ba ya buƙatar ko sisi. Ka tsoma hannunka tafin yana kallonka. In tafin ya ɓace tun ruwan bai wuce wuyan hannu da nisa ba, ya yi kauri, rage ruwan. In sai ka kusa gwiwar hannu ya ɓace, ka bar shi, kifinka na son wannan inuwar. Tarwada ba ta son haske, a ruwa garau ta fi firgita da cizon 'yan uwanta. Mu ne ruwa mai haske ke burgewa.

Yanzu maganar muhalli, wadda ita ce babbar kalmar tallar. Kulorin, duk da warinsa, in ka bar ruwan a buɗe rana ta buge shi, zai tashi ya bar ruwan. Ƙarfe ba ya tashi, ba ya ruɓewa, ba ya ƙarewa. Ruwa ne ke ƙafewa ya bar shi. Kuma ina ruwan kifinmu yake zuwa? Mafi yawanmu lambu muke juya shi, ga alayyafo, tumatir, albasa, zogale, ayaba. Hasali ma wannan ruwan riba ce ta biyu, taki ne da ka riga ka biya kuɗinsa a buhun abinci. Wanda ba shi da lambu kuma yana sakinsa a kwata, damina ta kwashe ta kai tafki ko Gulbin Gagare. Jan ƙarfen da ka sa zai maƙale a saman ƙasar lambun, bana kaɗan, baɗi kaɗan. Turawa sun riga mu ganin wannan. Tun shekarun 1880 manoman inabi a Faransa ke fesa haɗin jan ƙarfe don maganin cutar ganye, har da masu noman da ba sa amfani da maganin zamani, saboda ana ganinsa abu ne na asali. Bayan shekara ɗari da wani abu ƙasar gonakin ta tara shi, har Tarayyar Turai ta taƙaita shi daga 2019 zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai.

Mu 'yan Zamfara ma ba sai an je Faransa an kawo mana misali ba. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda yara aƙalla 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinya, kuma a Bagega sai a 2013 aka yi aikin kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe, don babu wata hanyar raba ƙasa da ƙarfen da ya shige ta. Ina so a fahimce ni da kyau, jan ƙarfe ba dalma ba ne, jikin mutum ma yana buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, kuma 'yar na'ura ɗaya ba za ta jawo irin wancan bala'in ba. Na kawo shi ne don abu guda da muka koya da hawaye: in ƙarfe ya shiga ƙasa sai dai a haƙe. Saboda haka in an ce min abu ba ya ɓata muhalli don kawai yana da farantin sola, sai na tambayi me yake zubawa, kuma ina abin yake ƙarewa.

Masu raguna su ma su saurara. A cikin dabbobin gida babu mai raunin tumaki a kan jan ƙarfe. Hantarsu tara shi take yi na watanni ba alama, rana ɗaya ta sake shi cikin jini, sai ka ga ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, dabba ta faɗi. Awaki da shanu sun fi su juriya. Ruwan tamfol sau ɗaya ba zai kashe rago ba, amma gidajenmu yadda suke, kifi na nan, turken rago na nan, dagwalon da aka kwashe daga ƙasan kwami ana watsa shi inda ciyawar da za a yanka masa ke fita. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake hana mutane ɗura wa ragon layya abincin kaji ko kashin kaji, don abincin kaji ana ƙara masa jan ƙarfe daidai jikin kaza, ba daidai hantar tunkiya ba. Wannan maganar wata rana ce.

Tunda na taɓo kaji, akwai waɗanda suka tambaya ko za su iya jefa ta a tankin ruwan shan kaji. Kaza ta fi kifi jure jan ƙarfe nesa ba kusa ba, saboda haka ba mutuwa nake ji muku tsoro ba, rigakafi nake ji. Lasota da Gumboro da muke ba su a ruwa ƙwayoyi ne masu rai da aka raunana. Duk abin da ke kashe ƙwayar cuta a ruwa zai kashe su. Shi ya sa ake cewa a dakatar da kulorin kwana biyu kafin rigakafi, a yi amfani da mazubin roba ba na ƙarfe ba, a sa madarar gari marar maiƙo kamar giram 2 a lita. Kulorin kana iya dakatar da shi. Tankin da ayonaiza ta kwana biyu a ciki kuwa, ko ka cire ta ƙarfen na nan sai ka zubar da ruwan ka wanke. Ka ba da rigakafi a irin wannan ruwan, ka rubuta a littafi cewa ka yi, bayan sati uku cuta ta shigo ka ce maganin ne jabu.

Ni ban ga laifin wanda tallar ta ja hankalinsa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023, tayar da injin ban ruwa ya zama abin da sai ka yi lissafi. Rashin tsaro kuma ya sa da yawa sun baro fadama, inda ruwa ke kusa, sun dawo da kiwon cikin gida, inda kowace jarka da kuɗi ake sayenta wurin 'yan garuwa. Mutumin da ke cikin wannan hali in aka ce masa ga abin da zai raba shi da canjin ruwa, dole ya tsaya ya saurara. Matsalarsa ta gaske ce. Amsar da aka kawo masa ce ba tasa ba.

In kuɗin na'urar na hannunka, ga inda ni zan kai su. Farko kayan awon ruwa, na pH da amoniya da alkaliniti, irin masu 'yan kwalabe da ake ɗigawa a duba launi. Ana samunsu wurin masu sayar da kayan kifi a manyan garuruwa, kuma mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Da shi za ka daina canjin ruwa da ka, ka koma canzawa lokacin da ruwan ya buƙata, kuma wannan kaɗai na rage fetur. Sai ka gyara mafitar ruwanka ta riƙa ja daga ƙasa, inda kashi da ragowar abinci ke kwanciya, ba daga sama ba. Mutane da yawa suna zubar da ruwan sama mai kyau su bar dagwalon a ciki. In mafitar na ja daga ƙasa, zubar da kashi ɗaya cikin uku ya fi maka zubar da duka ta sama, kuma kifin bai firgita ba. Ka yi rumfa da zana ko raga ta rufe rabin tamfol ɗin, gansakuka ba ta yawa sai da rana, ruwan kuma zai yi sanyi. Abinci kuwa, abin da ba su cinye cikin minti goma zuwa sha biyar ba ya zama amoniya da ka saya da kuɗinka.

Na ƙarshen shi ne wanda ba a son ji. In ruwan da kake iya samu na kifi 500 ne, kar ka zuba 1,000. Na ga tamfol da yawa a yankin nan da matsalarsu ke nan kawai, mai shi na ta neman magani a shago. Ɗari biyar da suka kai kilo-kilo sun fi dubu da suka tsaya a giram 400, ka tambayi duk mai sayen kifi ya kai kasuwar Ƙaura ko ta Shinkafi.

In mai sayar da ita ya matsa maka, yi masa tambaya uku cikin ladabi. Miligiram nawa na jan ƙarfe take saki a lita a rana? A wane alkaliniti aka gwada ta da 'ya'yan tarwada? Kuma a takardar da ke cikin kwalin, ina aka rubuta a sa ta a ruwan da kifi ke ciki? Ka karɓi takardar ka karanta da kanka, ko ka ba wanda ya iya Turanci. Wanda kuma ya riga ya jefa ta, ya cire yau, ya canza rabin ruwan, gobe ya sake canza rabi, ya zuƙe dagwalon ƙasa ya zubar nesa da turken tumaki.

Duk wanda ya samu ya auna alkaliniti na rijiyarsa ko burtsatsensa, don Allah ya rubuto mana lambar a ƙasa tare da sunan gari da unguwa, ya faɗa ko da rani ya auna ko da damina. In muka tara na Moriki, Ƙaura, Zurmi da Shinkafi, zan haɗa su wuri ɗaya in dawo muku da su.